Ƙidayar tsutsar sauro daga ɗakin karatu: ta ina za a fara?

Mai kula da ɗakin karatu:
Salamu alaikum. Damina ta kama a Maradi, muna son matasan da ke zuwa karatu su riƙa bin wuraren da sauro ke hayayyafa. Me ake bukata?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Farin ludayi, kwalba mai murfi da rajista sun isa. A kowane gurbin ruwa a ɗiba sau 10 daga gefe, a ƙirga tsutsa, a rubuta kwanan wata da unguwa. Kada inuwa ta faɗa kan ruwan, tsutsar nutsewa take, sai a rubuta babu alhali akwai. A koma kowane mako, don da zafi ƙwai kan zama sauro cikin kwana 10 ko ƙasa.

Hajiya ma'aikaciyar lafiya:
Ku bambance ire-iren tsutsar. Tsutsar sauron zazzaɓin cizon sauro kwance take a saman ruwa, ta fi son ruwan sama da rana ke bugawa, irin na ramukan bulo da bakin Gulbin Maradi. Mai rataye kai ƙasa galibi ta kwata ce ko ta tsohuwar taya. Ku kai wa asibitin unguwa sakamakon.

Malamin kimiyya:
Gaskiya ne, Hajiya. Bayan ƙirga a zubar da tsutsar a busasshen yashi. Yara kuma kada su kusanci rami mai zurfi.