Yaya za a koya wa masu shirin aure Afisawa 5 ba tare da ya zama bulala a hannun miji ba?

Ɗan Aboabo:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tambayata a kan darasin masu shirin aure ce, wanda ake yi da Hausa a majami'unmu na Kumasi. Muna cewa aure hoton ƙaunar Almasihu ne ga ikkilisiya, amma da an buɗe Afisawa 5 sai samari su cafke aya 22, wadda ta ce mata su yi wa mazajensu biyayya, su bar sauran, 'yan mata kuma su sunkuyar da kai. Daga ina ya kamata mai koyarwa ya fara? Kuma hoton nan yana da iyaka?

Katakis na Asawase:
Ɗana, kada ka fara da Afisawa ko kaɗan. Zama huɗu ya isa, awa ɗaya da rabi kowanne, saurayi da budurwa suna zaune tare, Littafi Mai Tsarki a hannun kowa.

Zaman farko Farawa 2:24 ne, mutum ya bar uwa da uba ya manne wa matarsa. Yesu ya maimaita ta a Matiyu 19, Bulus ma ita ya ɗauko a Afisawa 5:31, saboda haka ita ce harsashi. Na biyu kuwa Yusha'u, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Annabin ya auri Gomer, ta ci amanarsa, Allah ya ce ya koma ya ƙaunace ta. A sura 3 aya 2 har an faɗi abin da ya biya: azurfa 15 da sha'ir. Ka sa su karanta da bakinsu, ka tambaye su wane ne Gomer a labarin. Yawanci saurayi zai waiwayi budurwar. Sai ka nuna masa cewa Gomer jama'ar Allah ce, shi ma yana ciki. Namiji a gaban Allah amarya ne kamar kowa. In wannan bai zauna masa ba, duk abin da ka faɗa daga baya zai ji shi a karkace.

A zama na uku ne za ka buɗe Afisawa, daga aya 21, inda aka ce ku yi wa juna biyayya. Ku ƙirga tare: ayoyi uku ne na mata, 22 zuwa 24, daga 25 zuwa 33 kuwa kusan duka a kan miji suke. Ma'aunin da aka ba shi shi ne Almasihu ya ba da ransa. Zaman ƙarshe ka bar wa 1 Korantiyawa 7:3-5, kan hakkin miji da mata a kan juna, da tambayoyinsu.

Mama Bantama:
Baba Katakis ya shimfiɗa tsarin da kyau. Ni abin da zan ƙara shi ne a sauko da maganar ƙasa. Kowane saurayi zai ce zai mutu saboda matarsa, don ya san ba wanda zai nemi ransa gobe. A tambaye shi nawa yake samu a wata, ko ita ta sani. A ba su takarda ɗaya su rubuta kuɗin haya, na cefane, na susu, wato adashi, da abin da kowa yake aika wa iyayensa a arewa ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Wannan na ƙarshen shi ne yake kashe aure a ɓoye, domin kowa yana yi bai faɗa ba. A tambaya kuma: in matar ta dawo daga kasuwar Kejetia da daddare ƙafafunta sun kumbura, wa zai ɗebo ruwa ya ɗora tukunya? Wanda ya wanke ƙafafun almajiransa a Yahaya 13 shi ne aka ce miji ya kwaikwaya.

Batun iyaka kuwa, yana da ita ƙwarai. Miji ba Almasihu ba ne. Ba ya ceton kowa, yana zunubi, yana bukatar neman gafara daga matarsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki haƙurin Yusha'u a ɗora wa macen da ake duka, a ce ta daure kamar yadda Allah yake daurewa. Wannan juya nassi ne. Afisawa 5:29 ta ce ba wanda ya taɓa ƙin jikinsa, sai dai ya ciyar da shi ya kula da shi. 1 Bitrus 3:7 ma ta gargaɗi maza cewa rashin girmama mata yana tare addu'a. A Ghana akwai dokar hana cin zarafi a gida ta 2007, akwai sashen DOVVSU na 'yan sanda da ke kula da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Mai koyarwa ya faɗi haka a fili tun kafin biki, su biyun suna ji.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba, na gode Mama. To waɗanda suka riga suka yi auren gargajiya fa, sai kawai a sa musu albarka a coci?

Dattijon Ikkilisiya, Tafo:
Malam, nan ake yawan faɗawa rami. Dokar Ghana ta san aure iri uku: na gargajiya, na Musulunci, da na odinans. Na gargajiya aure ne sahihi, amma yana barin ƙofar ƙara mata a buɗe. Na odinans ne mace ɗaya miji ɗaya, kuma shi ya dace da hoton da kuke koyarwa. Sa albarka kawai ba ya mai da wancan ya zama wannan, ko da an sa farar riga an yanka kek. Mata da yawa sai bayan rasuwar miji, ana rabon gado, suke gane haka.

Hanyar yin na odinans ita ce ko dai su ba da sanarwa a ofishin rajistar aure, a liƙa ta kwana 21, ko a yi shela a coci Lahadi uku. In ba wanda ya kawo ƙorafi sai a ba da takardar izini, kuma a ɗaura cikin wata uku, in ba haka ba a sake daga farko. Ana bukatar shaidu biyu. Ku bincika tun da wuri ko majami'ar tana da lasisin ɗaura aure, ko faston ma gwamnati ta amince masa, domin ƙananan majami'u da yawa a unguwanninmu ba su da shi. In babu, su sa hannu a ofishin rajista tukuna, sannan a zo coci a yi addu'a.