Zaman gyaran aure: kwana biyu a jere ko awa ɗaya duk mako?

Wata uwargida, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekararmu 9 da aure, kuma abin da ke tsakanina da maigida ya wuce faɗa, ya koma shiru. Sai mu wuni ba abin da ya haɗa mu sai "an kawo gas?" Mustasharar da muka gani, wato mai ba ma'aurata shawara, ta ba mu zaɓi biyu: ko mu riƙa zuwa awa ɗaya duk mako har wasu watanni, ko mu ware Juma'a da Asabar mu zauna da ita awa biyar-biyar. Don Allah wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya ba ni labari. Ba fatawa nake nema ba, abin da ya faru da ku nake son ji.

Wani direba, Riyad:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na kwana biyun na yi, kuma ba don na fi son sa ba. Iyalina a Kano take, da bizar ziyara ta zo, ina za mu samu watanni? Ranar farko har azahar ba abin da muka yi sai kewaye-kewaye, da zaman awa ɗaya ne da mun tashi ba a taɓo komai ba. Bayan mun dawo daga salla ta ɗauko maganar filin da na saya na sa sunan ƙanina. Nan take na ji kunnuwana sun toshe, na zuba wa bango ido. Mai ba mu shawarar ya maƙala mini ɗan abin nan na auna bugun zuciya a yatsa, ya nuna mini ya haura 100, ya ce a irin wannan hali ba wanda ke jin magana, in fita na minti 20. Ya ce tsarin John Gottman ne da matarsa Julie, masana a birnin Siyatil na Amurka, su ma suna yin irin wannan dogon zaman na kwana biyu ko uku. Na sauka na sha shayi a ƙasan benen, na dawo. Ashe ba filin ne ya dame ta ba. A bakin matar ƙanina ta ji labarin, a gidan suna, cikin mutane. Shekara 3 tana riƙe da wannan.

Wata Hajiya, Makka:
Ƙanwata, ni ta mako-mako nake ba ki shawara tunda gida ɗaya kuke kwana. Faɗan da kuka yi ranar Talata, ranar Asabar za ku kai shi da ɗuminsa, a warware muku shi zare-zare. Kuma ana ba ku aikin gida. Namu na farko har dariya ya ba ni: wai in maigida ya dawo mu zauna minti 10 ba waya, ba maganar yara, ba maganar kuɗi. Daren farko muka rasa abin cewa, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Tsarin da aka bi da mu na Sue Johnson ne, wata masaniya ta Kanada, wanda ake yi tsakanin zama 8 zuwa 20. Matsalar ita ce Makka ba ta barin mutum ya jera makonni. Maigidana a otal yake aiki, daga shigowar azumi har alhazai su watse ba shi da lokacin kansa. Mun yi zama 6 muka yanke, da muka koma bayan Hajji kamar sabon farawa. In za ku yi, ku fara a Muharram.

Wata ƙanwarku, Madina:
Mu mun yi na kwana biyun, mun yi kuka, mun yafi juna, mun dawo a jirgin ƙasa na Haramaini kamar amarya da ango. Uwar mijina tana falo tana jiranmu, gida ɗaya muke. Mako biyu komai ya koma yadda yake. Ba a sa mana ranar komawa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Anti, in za ki biya, ki tabbatar da zaman bibiya a cikin kuɗin.

Wani dattijo, Makka:
'Yata, ba na hana ku zuwa, amma kada ku tsallake manya. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ko hukuma a nan ta wannan hanyar take farawa, Ma'aikatar Shari'a tana da manhajar Taradi inda ake zaman sulhu ta waya kafin magana ta kai gaban alƙali. Sai dai wancan daidaita rigima ne, ciyarwa, riƙon yara, ba koya wa mutum yadda zai yi wa matarsa magana ba. Abu ɗaya kuma: in akwai duka a ciki, kada ki yarda a haɗa ku ɗaki ɗaya awa biyar. Masanan da kansu ba sa karɓar irin wannan a dogon zama, don abin da mace ta faɗa a can, a gida za ta biya shi.

Wani malamin makaranta, Jidda:
Ba wanda ya taɓo maganar yare. A nan aka haife ni, Larabci ba ya ba ni wahala, amma da Hausa muke faɗa. Na gama bayanina, matata ta ce "To, madalla." Aka ce in fassara, na fassara, mai ba mu shawarar ya yi murmushi ya rubuta cewa ta amince. Ni kuwa na san wannan madallar, kwana uku ba za ta kula ni ba. Wanda bai san gatse da habaici ba, ko wata guda kuka yi a ofishinsa rabin maganar ce za ta kai gare shi. Daga baya wata Bahaushiya muka samu muna zama da ita ta bidiyo duk daren Laraba, bayan yara sun yi barci.

Uwargidan Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba, babu duka, alhamdu lillahi, kuma yayana ya san halin da ake ciki. Na karanta wa maigida duka jiya da dare. Da na zo kan "madalla" sai da ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta. Ya ce shi ba zai iya awa biyar a kujera ɗaya ba, amma ya yarda da Asabar bayan la'asar. Malam, don Allah ka turo mini yadda zan samu wannan Bahaushiyar.