Shin horon kadet zai amfani ɗalibin sakandare?

Manomi daga Ringim: Assalamu alaikum. Ɗana yana neman izinin shiga ƙungiyar kadet ta makarantarsu, wato masu koyon horo irin na soja, amma ina fargabar fareti zai raba shi da karatu, ga damina ta kusa kuma ina bukatarsa a gona.

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku bar shi, domin zai koyi da'a, juriya da kiyaye lokaci. Sai dai kadet ba ya ba mutum gurbin aikin soja, wanda yake da tasa tantancewar.

Malama: Makarantar soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, daga firamare take ɗauka, saboda haka ta wuce shi. Idan hafsa yake son zama, ya dage da lissafi da Turanci, ya nemi NDA, wato makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna.