Neman shawara: an yi mini tayin fistol ta hannu mai araha, in saya ko in haƙura?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wani abu da ya kwana biyu yana cin raina. Na gama kwas na koyon riƙe makami, lasisina ya fito, kuma dokar inda nake zaune ta yarda farar hula ya mallaki ƙaramar bindiga. Wani abokin aikina ya yi mini tayin tasa, Hi-Point C9 mai cin harsashi 9mm, irin mai ɗura kanta ɗin nan da duk jan kunama harsashi ɗaya ke fita, ta tofar da kwanso ta ɗauko na gaba. Kuɗin da ya sa mata bai kai rabin na sabuwar da raina ke so ba. Ya ce shekara huɗu tana hannunsa, kuma duka-duka bai harba harsashi 200 da ita ba. Magazin (gidan da ake zuba harsasai) ɗaya ne, babu kwali, rasit ma ya ce ya ɓata. Don tsaron gida nake sonta, sai kuma zuwa filin harbi jefi-jefi. Ina da mata da yara biyu ƙanana. Idan na bar wannan, sai na yi kamar wata shida ina tari. In karɓa, ko in jira?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin a zo maganar ko tana harbi, a fara da takarda. Ɓatan rasit ba laifi ba ne, amma lambar da ke jikin bindigar ita ce sunanta. Ka dube ta da idonka, ka tabbata ba a kankare ko an sake buga ta ba. In ka ga alamar an taɓa wurin, ka ajiye ta ka tashi, domin riƙe irin wannan babban laifi ne kusan ko'ina. Sannan cinikin ya bi ta hannun dillali mai lasisi, a binciki lambar, a mayar da ita sunanka a rubuce. Bindigar da aka sace ko aka yi ta'asa da ita ba ta faɗa maka, ranar da aka same ta a hannunka kai za ka yi bayani. Dokoki kuma sun bambanta ƙwarai. A Birtaniya tun 1997 aka hana farar hula yawancin ƙananan bindigogi, a Amurka kuwa dillali mai lasisi ba ya sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba. Tunda ka ce taku ta yarda, ka tambayi hukumar da ta ba ka lasisi yadda ake canja mallaka tsakanin mutum da mutum. Kada abota ta sa ka tsallake wannan.

Ra'ayina kuwa, ka jira wata shidan. Araha ba ta ado.

Mai Gyaran Bindigogi:
Baba Soja ya faɗi gaskiya kan takarda, amma a kan jira ina da ja. Sana'ata ke nan, kuma na sha ganin mai araha da ke aiki lafiya lau, na ga mai tsada da mai ita ya lalata da hannunsa. Malam, ya kamata ka san abin da ake ba ka. C9 ba ta da tsarin kulle bututu irin na su fistol ƙirar Glock. Bututunta a kafe yake, nauyin silaid (ƙarfen saman nan da ke ja da baya) da ƙarfin sifirin su ke riƙe ƙarfin harbin. Shi ya sa aka yi silaid ɗin ƙato, na gaurayen zinki, shi ya sa kuma za ka ji ta da nauyi ta sama. Magazin ɗinta na asali harsashi 8 yake ci. Kwance ta ma sai an fitar da wani ɗan fin ta baya da abin bugawa, ba kamar sauran da ake warewa da yatsu ba. Ba bindigar ɗauka a ƙugu ba ce, amma ta ajiya a gida ba ta da aibu.

Maganar "bai kai 200 ba" kada ka ɗora komai a kanta. Kowane mai sayarwa haka yake cewa, wani ma bai ƙirga ba ne. Jikinta ne zai gaya maka. Ka cire magazin, ka ja silaid baya ka leƙa, ka tabbata babu harsashi a ciki, ka sake dubawa, sannan ka haska cikin bututun da tocila. Layukan da suka murɗa a ciki su fito sarai, babu ramukan tsatsa. Abin da na fi tsoro shi ne wani zobe mai duhu a tsakiyar bututu. Wannan kumburi ne, alamar an taɓa harba harsashi a kan wani da ya maƙale. In ka gan shi, ciniki ya mutu.

Daga nan ka bi silaid ɗin da ido a wuri mai haske, musamman gefen ramin da kwanso ke fita, ko akwai tsagewa ko da siririya ce kamar gashi. Ka duba ɗan gangaren da harsashi ke hawa ya shiga bututu. Mutane na son goge shi da injin hannu wai don ya yi santsi, su cinye ƙarfen su ɓata kusurwar. Kawunan sukurori da finafinai in sun tauye, wani wanda bai iya ba ya shiga cikinta. Ka sa sefti (makullin da ke hana ta tashi) ka ja kunama, bakin yana kallon inda babu kowa, bai kamata ta tashi ba.

Sai magazin. Yawancin cijewar da ake kawo mini daga nan take, leɓen sama ya buɗe ko sifirin ya gaji. Magazin ɗaya bai isa ba, ka sa kuɗin ƙarin biyu cikin lissafi.

Kamfanin yana ba da garanti na har abada da ke bin bindigar ko hannu nawa ta canja. Sai dai masana'antar tana jihar Ohayo ta Amurka, in ba ka da hanyar halal ta aika musu, garantin ba zai amfane ka ba.

Ɗan Filin Harbi:
Abin da Malam mai gyara ya faɗa kan kumburi ya faru da ni. Na sayi wata ta hannu, ba irin wannan ba, ban gwada ba saboda kunyar mai ita. A filin harbi na ji wani harbi ya yi ƙara mara ƙarfi, kamar an buɗe kwalba. Allah ya sa malamin da ke kusa ya riƙe mini hannu kafin in sake ja. Harsashin yana nan zaune a tsakiyar bututu. Laifin harsashin ne, tsoho ne da aka ba ni kyauta tare da bindigar, amma da aka duba sai ga tsohon kumburi a ciki tun kafin ta zo hannuna. Don Allah kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce masa ku je fili tare, ka sayi sabbin harsasai da kuɗinka, ka harba aƙalla 100, har da irin wanda za ka ajiye a gida. In ya ƙi, ka samu amsarka.

Mai Bibiya:
Ƙari kaɗan. Duk wadda za ka saya ta hannu, ka shiga shafin kamfanin ka sa lambarta, ko an taɓa kiran irinta a mayar. A 2015 kamfanin Taurus ya yi sulhu a wata shari'a a Amurka kan wasu tsofaffin samfura, ciki har da PT-111 Millennium, da aka yi ƙarar suna iya tashi in sun faɗi ƙasa. Irin waɗannan har yanzu suna yawo a kasuwar 'yan hannu. Kuma tsakanin wannan da sabuwa akwai hanya ta uku: dillalai kan samu Glock 17 ko 19 da 'yan sanda suka mayar. Jikinsu ya goge da yawan ɗauka, cikinsu kuwa sau da yawa da sauransa, kayan gyaransu ma ba sa wuya.

Uwar Yara:
Ɗan'uwa, duk an yi maganar ƙarfe, ni layi ɗaya na tsaya a kai: yara biyu ƙanana. A ina za ka ajiye ta? Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ne, yaro ɗan shekara huɗu ya san kowane lungu na ɗakin iyayensa, kuma yatsunsa biyu sun isa jan kunama. Akwatin ƙarfe mai kulle ya riga bindiga shiga gida, ba ya biyo bayanta. Sannan ka zauna da maman yara ku yi magana ta gaskiya. Ta yarda? Ta san yadda ake tabbatar da babu harsashi a ciki? Kuma in akwai wanda ke fama da ƙuncin rai a gidan, ko ana yawan rikici mai zafi, ka dakata tukuna. Wannan ba zargi ba ne, na faɗa ne domin na ga gidan da abin ya shafa.

Tsohon Soja:
Hajiya ta taɓo inda ya fi. Ka haɗa kuɗin akwati, magazin biyu, ladan mai gyara, kuɗin canja suna da harsasan gwaji. In ka tara su, ka ga ko arahar tana nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Abokin nawa bai yi musu ba, jiya muka je wajen dillali. Lambar ba ta da matsala, mai gyaran da ke wurin ya duba bututu da silaid ya ce lafiya suke, sai dai sifirin magazin ya yi laushi. Na harba 100. Sau ɗaya ta cije, kwanso ya tsaya a bakin rami, malamin fili ya ce na saki wuyan hannuna ne, ya gyara mini riƙo, ba ta sake ba. Na yi lissafin Baba Soja, har yanzu ta fi sabuwar sauƙi, amma ba da nisan da na zata ba.

Ban biya ba tukuna. Hajiya, na yi magana da maman yara, ta ce sai ta ga akwatin a kafe a bango, kuma tana so ta yi kwas ɗin ita ma. Na yi odar akwatin da sabon magazin. Ranar Asabar za mu koma fili tare da ita mu ƙara wasu 100 da sabon magazin ɗin, abokin nawa ya ce zai jira.