Neman shawara: Abbansu na kiran ɗana daƙiƙi a gaban baƙi, yaron ya fara yarda

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Garwa ta Kamaru, yarana uku, maza biyu mace ɗaya. Babban shekararsa 11 yana CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, dogo ne sambal irin Abbansu, kuma masha Allah tunda ya shiga lekol bai taɓa wuce na uku ba. Na biyun shekara 9, shi kam ɗan ƙarami ne siriri, in ka ganshi sai kace shekararsa 7, ga shi baya son magana, bana yana maimaita CE1, wato aji uku, kuma kompozisiyon (jarrabawa) da ya wuce mwayen ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, 8 bisa 20. Autar mace ce, shekara 6, tana da jiki kuma bakinta baya shiru.

Duk baƙon da yazo gidan nan sai Abbansu ya jera su yana nunawa, wannan shine doktan gidan, wannan kuwa kan ne babu daƙiƙi ne sai dai kasuwa, wannan kuma lukuta uwar surutu. Yana faɗi yana dariya baƙi ma suna taya shi. Dada, wato mahaifiyarsa da muke zaune tare, ita kuma ta raɗa wa na tsakiyan Ɗan Tsurut, har yaran unguwa sun ɗauka, wasu ma basu san sunansa na yanka ba.

Makon jiya ina kakkaɓe katifarsu na tsinci buletin ɗinsa, wato takardar sakamako, a naɗe a ƙarƙashi, ashe an basu tun tuni ya ɓoye. Na zaunar da shi nace ɗauko kaye, littafin rubutunka, mu duba tare, sai yace Mama ki bari kawai ai Abba yace ni bani da kai. Bai yi kuka ba, kansa a ƙasa yana murɗa bakin rigarsa ya faɗa, wlh gara ma ace kukan yayi. Ni kuma ban ga daƙiƙanci a yaron nan ba, gwangwanin sardin zai samu ya yanka tsohon silifas yayi tayoyi ya haɗa mota harda fitila da batirin tocila, in an aike shi shago bai taɓa kuskuren canji ba, a makarantar allo ma ya wuce yayansa. Yanzu Abbansu yace in bai wuce bana ba zai cire shi ya kai shi shago a babbar kasuwa. Ta yaya zan yi wa maigida da Dada magana ba tare da ance na yi rashin kunya akan ɗa ba? Sannan wannan ƙanƙantar tasa ciwo ne ko halitta?

Maman Biyu:
Wa'alaikumussalam. Allah sarki yaro, wlh sai da idona ya kawo ruwa. Allah ya buɗa masa ya sanyaya miki Adda.

Hajiya daga Marwa:
'Yata ki raba abin nan gida biyu. Na Dada wasan kaka da jika ne, mu ma haka muka tashi, kakata har ta koma ga Allah Mummuna take ce min, kuma ni ɗin ce take ɓoye wa ƙanzo. Sannan mutanen da basa yabon yaro a fili don tsoron kambun baka, gara su kushe abinsu da dai wani ya sa masa baki. To amma mai tsoron baki duka yaran yake kushewa, baya ɗaga ɗaya ya danne ɗaya, anan ne na mijinki ya fita daban. Ni abin da ya ɗaure min kai ma ɗan fari ne yake yabo a gaban mutane, a zamaninmu ko sunan ɗan fari uba baya kamawa. Kar ki je wa Dada da zancen ta daina, zata ce kin yi rashin kara. Ki bari ranar da hira tayi daɗi ki bata labarin abin da yaron ya faɗa, ki ce Dada bakinku ne maganinsa, ki riƙa sa masa albarka yana ji. In ta karɓa ita da kanta zata tsawata wa ɗanta, kuma nata zai fi shiga.

Anfirmiya, Marwa:
Baiwar Allah ni ma'aikaciyar jinya ce, zancen jiki ba da ido ake yanke shi ba, da awo ne. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namiji ɗan shekara 9 tsaka-tsakin tsawonsa wajen santi 132 ne, sai ya gaza 120 ake cewa a bincika. Abin da yafi muhimmanci ma shine ko yana ƙaruwa, yaro a wannan shekarun yana ƙara santi 5 zuwa 6 a shekara, in ƙasa da 4 yake yi to dole likita ya ganshi. Kuma gado na ciki, akwai lissafin da ake yi, a haɗa tsawon uba da na uwa a ƙara santi 13 in namiji ne, in mace ce a rage 13, sai a raba biyu, yaro na iya wuce abin da aka samu ko ya gaza da kamar santi 8. Ba lallai ya biyo yayansa ba, wani gefen uwa yake ɗaukowa, wasu kuma basa miƙewa sai sun shiga 14 ko 15.

Amma ki kai shi lopital da karne ɗinsa, wato katin asibiti, a auna jini, don ƙarancin jini na sa yaro kasala da rashin riƙe karatu ana ta ce masa daƙiƙi alhali jikinsa ne ba ƙarfi, tsutsar ciki da yawan palu, wato zazzaɓin cizon sauro, duk suna shan jini. Ku da kuke bakin Binuwai ki tambaye shi a hankali ko yana ganin ja a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ta yi yawa a yaran da ke wanka a kogi kuma yara maza ɓoyewa suke. A duba ido da kunne ma. In ba a taɓa yi masa gwajin sikila ba ayi gaba ɗaya.

Metir na firamare, Ngaundere:
Hajiya ina koyarwa a irin ajin da ɗanki yake, kuma abin da zan faɗa kullum nake gani. Yaronmu Hausa yake yi a gida, Fulatanci a waje, Larabci a allo, sai yazo aji ace komai da Faransanci. Wanda bai kama karatu da kyau a SIL da CP, wato aji ɗaya da biyu, ba, in yazo CE1 komai rushe masa yake har lissafi, saboda tambayar ma a rubuce take bai gane me ake nema ba. Ki gwada wannan yau da dare, ki ɗauki tambayar lissafi a kaye ɗinsa ki faɗa masa ita da Hausa da baki, in ya baki amsa to ba kai bane matsalar, karatu ne, kuma ana gyara shi da minti 20 kullum ko repetiter, wato malamin lesin, mai haƙuri, banda mai bulala. Ajina bana yara sun kusa ɗari, yaro ƙarami marar magana in ya faɗa bencin baya bayan manya sai shekara ta ƙare bai ga allo da kyau ba. Ki je da kanki ki roƙi metir ɗinsa ya dawo da shi gaba.

Sannan kar ku ɗauka babban ya tsira. Akwai binciken da Carol Dweck da Claudia Mueller suka fitar a 1998 a Amurka akan yara 'yan aji biyar, waɗanda aka yaba da cewa suna da ƙwaƙwalwa sai suka koma zaɓen aiki mai sauƙi don kar su faɗi, da suka gamu da mai wuya kuma suka karaya fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Shiyasa ni a aji bana cewa wane mai kai ne, sai dai ince wane ya zauna ya gyara rubutunsa, ko wane yau bai yi aikinsa ba. Abin da yaro yayi zai iya canzawa gobe, amma in kace masa haka Allah ya yi shi me kuma ya rage ya gwada.

Wani ɗan'uwa daga Kusiri:
Ni akan kaina aka yi wannan. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa Jaki yake ce min, yayana kuma Malam. Na haura arba'in yanzu ina da iyali da sana'ata, amma har yau in aka miƙo min takarda a cikin mutane ace in karanta sai hannuna ya kama rawa. Na yafe masa duniya da lahira don nasan gani yake zaburar da ni yake. Abin da yafi min ciwo shine tsakanina da yayana, mun tashi ina jin haushinsa shi kuma yana raina ni, da ya faɗi jarrabawar probatwar ta sakandare wata shekara ya kusa wata biyu baya fita, wlh a lokacin daɗi naji a raina, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya fa. Ki faɗa wa maigidanki wannan, yaran nan su ne zasu riƙe juna bayan ba ku.

Alhaji mai shago, Njamena:
Ni dai ina ganin kuna ƙara wa abin gishiri. Kasuwa zagi ce? Mu nawa muka tashi a shago muke ciyar da masu bak da lisans, wato shaidar gama sakandare da digiri, da suka rasa aiki. Uba yafi kowa sanin ɗansa, ba kowane yaro bane na boko, kar ku zuga mata ta ɓata da mijinta.

Metir na firamare, Ngaundere:
Alhaji ba wanda ya raina kasuwa, da ita aka biya min lekol. Amma akwai bambanci tsakanin a ce wa yaro zo shago don naga kana da lissafi, da a ce masa tafi shago don baka da kai. Kuma shekara 9 yayi wuri, ko tsarin mulkin Kamaru ya wajabta karatun firamare, ɗan kasuwar yau ma sai da karanta rasit da saƙon kuɗi a waya. A bar shi ya samu CEP, shaidar gama firamare, ranar Asabar da hutu ya riƙa zuwa shago.

Malam daga Gidar:
'Yar'uwa Allah ya saka miki da kika nemi shawara kafin magana. A Suratul Hujurat aya ta 11 Allah ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, bai cire 'ya'yan mutum ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke Bukhari da Muslim, da mahaifinsa ya fifita shi da kyauta, Annabi SAW cewa yayi ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku, in a dukiya haka ne ina ga magana da ake yi kullum. Zancen ƙanƙantar jiki kuwa ki ba yaron labarin Abdullahi ɗan Mas'ud, sahabbai sun yi dariyar siririn ƙwaurinsa Annabi SAW yace a mizani sun fi dutsen Uhudu nauyi. Maigida kuma kar ki gyara masa a gaban baƙi ko yara, ki same shi ku biyu yana cikin nishaɗi, kar ki fara da kayi kuskure, ki maimaita masa maganar yaron kamar yadda ya faɗa ki yi shiru. In bai ji ba ki sa Bappansa ko wani aminin da yake jin kunya.

Ummu Yasmin, Garwa:
Kowa na maganar namijin an manta da autar. Lukuta da uwar surutu ɗin nan yanzu ne take dariya, bari ta kai 12. Mu mata mun san abin da irin wannan ke yi, ni baƙa ce a cikin 'yan'uwa farare, tun ina ƙarama ake cewa wannan ina aka samo ta, sai da na shekara da shekaru ina shafe-shafe fatata ta lalace kafin na dawo hayyacina, irin mayukan bilicin nan masu sinadarin haidrokinon da ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana a 2022. Yarinya mai baki ki bata waƙar islamiyya da hadda ki ga abin mamaki. Jikinta kuma a daina zancensa a gabanta kwata-kwata, ko yabo ko kushe.

Mai tambaya:
Na gode 'yan'uwa useko, Allah ya bar zumunci. Metir na gwada abin da kace, tambaya biyar na faɗa masa da Hausa ya ci huɗu yana lissafi da yatsu, amma da na bashi ya karanta da kansa sai ya tsaya a layin farko yana haɗa baƙaƙe ɗaya ɗaya. Ranar Litinin in sha Allah zan je lekol. Hajiya zan bi ta wajen Dada kamar yadda kika ce, dama tana ji da shi, shi take aika ya sayo mata goro. Maigida ban samu na yi masa magana ba tukuna, yana tafiya, kuma gaskiya gabana na faɗuwa. Adda anfirmiya na auna shi a jikin bango da tef ɗin ɗinki santi 123 ne, Abbansu 175 ni kuma 152. Zancen fitsari da na tambaye shi sai yayi shiru yaƙi kallona, kuma nasan suna zuwa kogi da yaran unguwa lokacin zafi ko na hana.

Anfirmiya, Marwa:
To a lissafin nan wajen santi 170 ake sa ran zai kai, 123 kuma yana cikin ƙanana amma bai fita layi ba. Ki ja alama a bangon ki rubuta kwanan wata, bayan wata 6 ki sake aunawa ba takalmi. Shirun nan nasa ne ban so ba, kar ki yi masa faɗan kogi yanzu sai ya ƙara ɓoyewa, ki sa yayansa ko kawunsa namiji ya tambaye shi. Ko ya amsa ko bai amsa ba ki kai shi gwajin fitsari a wannan makon, maganin tsargiya prazikwantel ne ana bayarwa daidai da nauyi ko tsawon yaro, kar ki saya a bakin titi. Fitsarin a ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, lokacin ne ƙwan tsutsar yafi fitowa, kuma ki faɗa wa dokta yana shiga kogi.