"Labarin zuciya a tambayi fuska": kullum take ci?

Ɗan Bagalam: Jama'a, barkanku da hantsi. Jiya a kasuwar dabbobi an taya rago, mai shi ya ce albarka. Dillali ya ja mai saye gefe, ya ce ƙara jika biyu zai sallama, labarin zuciya a tambayi fuska. Haka kuwa aka yi. To, maganar nan kullum take ci?

Malamin lakwal: A wajena tana ci. Har masana halayyar ɗan Adam sun taɓa gina ra'ayi guda a kanta. A 1913 John Watson na Amurka ya ce a daina tambayar mutum abin da ke ransa, tunda ba mai iya tabbatarwa, a auna abin da ido ya gani yana yi. Wani masanin, Skinner, ya ɗora da gwaji kan ɓeraye da tattabaru: a ba dabba lada, ta maimaita aikin. Sun daɗe suna jan zarensu.

Inna ta Mokoyo: Malam, wannan Watson ɗin bai zauna gidan Bahaushe ba. Ɗana na fari, ko sunansa ba na faɗa. Ran da ya dawo daga Agadas na ci gaba da tankaɗen garina, ko kai ban ɗaga ba. A zo a auna fuskata, a ce ba na son shi?

Ɗalibar jami'a: Inna, kin taɓo inda aka kama su. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya soki Skinner da hujjar cewa yaro na furta maganar da bai taɓa ji ba, ba wanda ya ba shi lada a kanta, ke nan akwai aikin da ke gudana ciki. Zuwan kwamfuta ya ƙarfafa masu wannan ra'ayi, ga na'ura tana lissafi a ciki kuma ana iya bin sawunsa.

Malamin lakwal: Amma ko su daga waje suke farawa, ƴata. A 1956 George Miller ya ce abu wajen bakwai mutum ke riƙewa a kai lokaci guda. Da me ya dogara? Da amsar da mutane suka bayar a gwaji.

Inna ta Mokoyo: To ni dai a kan baƙo da mai ciwo nake faɗinta. Suruka kuwa, ko ka tambayi fuskarta, kunya ce za ta amsa maka.

Ɗan Bagalam: Inna, shi ma dillalin ya sha cin kasuwa da mai ragon, ya san hannunsa. Da Buzu ne ya naɗe da rawani, ban san me zai tambaya ba.