Me za mu kira "pill pocket" da Hausa?

Jama'a masu kiwon mage, ga wata kalma tana neman suna. Akwai abin da Turawa ke cewa pill pocket, ɗan abin kwaɗayi ne mai laushi da rami a tsakiya, sai ka cusa ƙwayar magani ciki ka matse bakin ka miƙa wa kyanwa ta haɗiye ba ta sani ba. Na kamfanin Greenies ne ya yi suna, amma da kifin gwangwani ko ɗan dafaffen naman kaza ma ana yi. To me za mu ce masa?

— Aljihun ƙwaya mana, ai shi kenan.

— Haba yallaɓai, aljihun ƙwaya? Faɗi haka a bakin titi ka gani in 'yan NDLEA ba su zo lalube ka ba 😂

— Ni a ganina muna da kalmar tun kaka da kakanni, mahaɗi. Mai maganin gargajiya in ya ba ka gari ai zai ce mahaɗinsa nono ne ko kunu ko zuma.

— Hajiya kin kawo magana, amma mahaɗi na da matsala, duk wanda ya ji zai ɗauka daka ƙwayar za a yi a cakuɗa a kwanon abinci, kuma nan ne ake ɓata lamarin. Magani irin su Flagyl ɗaci gare shi na bala'i, kina dakawa mage za ta shinshina ta juya, in ta lasa ma sai ki ga tana ta dalalar da miyau da kumfa, gobe ko abincin lafiya kika zuba a kwanon nan ba za ta kalle shi ba. In kuma ta ci rabi ta bar rabi wa ya san nawa ta sha? Wasu ƙwayoyin ma masu rufi ba a daka su sam sai likitan dabbobi ya ce a yi. Ni dai lomar magani na zaɓa. Loma ƙarama ce, haɗiya ɗaya, sunan da kansa ya faɗi yadda ake yi. Ki fara ba ta loma zalla tana jin yunwa, ta biyun mai maganin, ta ukun ki biyo da sauri kafin ta tsaya bincike.

— Lomar yaudara ta fi daɗi a baki wallahi.

— Ta fi, amma a gaban likita wacce za ka iya faɗa? A bar ta wa zolaya.

— To lomar magani ta zauna. Sai dai don Allah kar a yi lomar da tsire ko kilishi, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini. Kuma Panadol kar ya shiga kowace loma, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

— Yaya, shi kuma ɗan sirinjin nan da ake harba ƙwaya da shi can cikin maƙogwaro fa, wa ke da suna?